Gansakuka guba ce? Yarona ya ci ta jikin katanga

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu sani ku taimaka min, hankalina ya ƙi kwanciya. Ɗazu da hantsi ina wanke-wanke sai na ji shirun ya yi yawa, kun san shirun yaro mai ƙiriniya. Na zagaya bayan kicin na tarar da Haidar a tsugune gindin katanga, daidai inda indararo ke zuba, ya kankaro koren abin nan mai fitowa da damina, bakinsa duk ya yi kore shar. Shekararsa ɗaya da wata huɗu. Na sa yatsa na ƙwaƙulo abin da na samu, amma na tabbata ya haɗiye wani. Maƙwabciyata ta ce gansakuka guba ce, in ɗura masa manja maza-maza. Kakarsa kuma dariya ta yi, wai su sun ci ƙasa sun ci gansakuka ga su nan da ransu. Yanzu dai ya sha nono ya yi barci. Muna Gyallesu. In kai shi asibiti ne ko in ƙyale shi?

Nas_Rabi:
Wa alaikumussalam. Maman Haidar, kafin komai: kar ki ɗura masa manja, kar kuma ki zura masa yatsa don ya yi amai. Yaro ƙarami in aka danne shi aka ɗura masa mai yana kuka, man kan iya sarƙe shi ya faɗa huhu, ki je neman magani ki jawo ciwon da ya fi na farkon. Ki wanke masa baki da hannu, ki ci gaba da ba shi nono da ruwa mai tsabta.
Sannan ki amsa min waɗannan. An taɓa fesa maganin ciyawa ko fiya-fiya a wajen? An ajiye shinkafar ɓera ko wani maganin ɓera kusa? Ruwan banɗaki yana bi ta nan? In amsar ɗaya daga cikin biyun farko e ce, kar ki jira komai, ki ɗauke shi zuwa asibiti da kwalbar maganin a hannunki. In a'a ce, ki sa masa ido yau da gobe. Amai, gudawa, zazzaɓi, dalalar miyau fiye da yadda ya saba, ko jikinsa ya saki, kowanne kika gani ki tafi.

Bazazzagi_Na_Asali:
Allah ya ba shi lafiya. Amma in da gansakuka na kisa, da ba a bar ɗan cikin birni ko ɗaya ba. Mu da muka tashi muna zamiya a bakin kududdufi.

Hajiya_Tudun_Wada:
'Yata kwantar da hankalinki. Na raini bakwai, babu wanda bai ɗanɗani bango ba. Sai dai ni ban yarda a ce ba ta komai ba. Tun muna yara ake hana mu shan ruwan da ya yi gansakuka, kuma manya ba sa hana abu haka kawai.

Malam_Tsirrai:
Hajiya, da ke da kakar Haidar duk kuna da gaskiya, don ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Mu Hausawa mun tara abubuwa aƙalla uku mun ba su suna ɗaya, gansakuka, alhali a wajen masu nazarin halittu nisan da ke tsakanin wasunsu ya fi na akuya da kuka.
Akwai mai fitowa a jikin katanga, kan soro, gindin mangwaro da tsagar dutse, mai laushi kamar darduma. Wannan tsiro ce sosai, da 'yan ganyenta da karanta. Akwai mai yauƙi, mai zare-zare, da ke fitowa a randa, tanki da bakin rijiya. Sai ta uku, wadda ke lulluɓe ruwan da ya daɗe a tsaye kamar an zuba koren fenti. Ita wannan ta ukun ko tsiro ba ce ba, bakteriya ce mai amfani da hasken rana.
Maman Haidar, ki koma wajen ki tsinko kaɗan, ki murza a tsakanin yatsu, ki kawo kusa da ido. In kin ga 'yan ganye ƙanana-ƙanana a jere jikin ɗan kara, ƙasa na manne a gindinsu, to ta farkon ce. Ita kuwa a cikin nau'o'inta kusan 12,000 da aka sani a duniya, ba a san ta da guba mai kashe mutum ba. Ba abinci ba ce, hanjinmu ba ya iya narkar da ita sosai, ko dabbobi ba su cika kula ta ba. Abin da ya shiga haka zai fito.

Maman_Haidar:
@Nas_Rabi na kira Baban Haidar, ya ce bai taɓa fesa komai a wajen ba, maganin ɓera kuma a sito yake can sama. Ruwan banɗaki ta ɗaya gefen yake fita. @Malam_Tsirrai na je na duba. Wallahi da ganye! Shekarata shida a gidan nan ban taɓa lura ba. Har da wasu 'yan tsinkaye jajaye a tsaye a samanta, kowanne da ɗan kai kamar ashana. Su kuma mene ne? Ba su ne gubar ba ko?

Malam_Tsirrai:
Madalla, kin ma yi sa'ar gani. Ba guba ba ne, rumbun irinta ne. Gansakukar bango ba ta fure, ba ta 'ya'ya. A cikin ɗan kan nan akwai wata ƙura mai laushin gaske, in ya nuna ya bushe sai murfinsa ya buɗe, iska ta kwashe ƙurar. Duk inda ƙwaya ɗaya ta sauka ta samu laima da inuwa, sai ta fara da wani siririn koren zare, daga baya ganye su tofo a jikinsa. Shi ya sa za ki kankare bana, baɗi ki ga ta dawo. Irin yana yawo a iska.
Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake kai wa ga wannan tsinken. Tana da ɓangaren namiji da na mace, kuma ƙwayar namijin iyo take yi da wutsiya biyu, ta bi ta cikin ɗan ruwan da ya kwanta a kan ganyen har ta iske ta macen. In babu ruwa babu haihuwa. Ga shi ba ta da saiwa ta gaskiya, 'yan zaruruwan da ke ƙasanta na riƙe bango ne kawai. Ba ta kuma da irin jijiyoyin da dawa ko mangwaro ke jan ruwa da su daga ƙasa zuwa sama. Da jikinta take sha kai tsaye, ganyen da yawansu kaurin ƙwayar halitta ɗaya ne tak. To wanda ke sha da fata, kuma sai ya yi iyo zai haihu, ina shi ina tsawo? Dole ta zauna a gajarce, a cunkushe, a gindin indararonki.

Bazazzagi_Na_Asali:
Ashe ita ma zance take zuwa, kuma sai da marka. Mu da ruwan sama ke hana mu fita zance, ita shi ne motarta.

Kanon_Dabo:
Zage-zagi ke nan. Yaro ya lashi bango an buɗe masa jami'a. Mu a Kano da tuni an ba shi ruwa an ci gaba da kasuwa.

Bazazzagi_Na_Asali:
@Kanon_Dabo ai shi ya sa kuke turo mana 'ya'yanku Samaru. Zauna ka ɗauki karatu kyauta, ba za mu karɓi kuɗin makaranta ba.

Sarkin_Musu:
Ni fa ban gamsu ba. Malam ya ce ba ta cutarwa, amma a 1988 a Amurka mutum 84 a jihohi 15 suka kamu da wata cutar fata, ƙuraje masu bin hannu suna hawa sama, kuma an gano daga gansakukar da aka naɗe dashen itatuwa da ita ne. Wannan fa? In ba ta da illa me ya kama su?

Malam_Tsirrai:
@Sarkin_Musu labarin gaskiya ne, amma ban ce ba ta cutarwa ba, cewa na yi ba ta da guba mai kisa. Abin da ya kama mutanen nan wani naman gwari ne, wato dangin fumfuna, mai suna Sporothrix da ya yi gida a cikin gansakukar, ya shiga jikinsu ta inda ƙaya ko tsinke ya karce su suna aiki. Ana samunsa a busasshiyar ciyawa da ƙasa ma. Jaki ne ya ɗauko kaya, kai kuma ka kama jakin da duka.
Kuma irin wannan gansakukar ta fadamun ƙasashen sanyi, Sphagnum, ita ce a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, da auduga ta yi ƙaranci aka riƙa tarawa ana tsabtacewa ana ɗaure wa sojoji rauni da ita. Tana shanye ruwa kusan ninki 20 na nauyinta in ta bushe, kuma tana da tsami-tsamin da ƙwayoyin cuta da yawa ba sa so.

Sarkin_Musu:
To ai jakin ne ya shigo da kayan gida. In babu jaki babu kaya. Ni a wurina duk ɗaya ne.

Nas_Rabi:
A nan kam ina bayan Sarkin Musu rabi. Uwa ba ruwanta da wanda ya yi laifi tsakanin ganye da ƙasar da ke gindinsa, duk tare yaron ya haɗiye. Abin da ni ke duba a irin wannan shi ne ƙasar: kashin kaji, kashin ɓera, ƙwan tsutsar ciki. Sau ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Amma Maman Haidar, in kin ga ya mayar da cin ƙasa ko kankarar bango sana'a, ki kai shi a auna jininsa, sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ke tafiya tare da wannan ɗabi'a. Kuma tunda ya wuce shekara ɗaya, ki tambaya a wajen awo a ba shi maganin tsutsa in ba a taɓa ba shi ba.

Ummi_Samaru:
Ƙari a kan maganar Anti Rabi. A aji uku an koya mana cewa saboda gansakuka da jikinta take shan komai, duk abin da ke cikin iska da ruwan sama tana tarawa, har da dalma da sauran ƙarafa masu illa. A Suwidin tun wajen 1968 masu bincike suka fara tsinko ta suna aunawa don su san yawan dattin da ke cikin iska, har yanzu ana yi a Turai. To ku kwatanta wadda ta fito a jikin dutse can bayan gari da wadda ta fito a katangar da ke kallon titi a Kwangila, ko bayan shagon mai cajin batir, ko inda salansar janareto ke hura hayaƙi kullum. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma abin da ke cikinsu ba ɗaya ba.

Maman_Haidar:
Innalillahi, janaretonmu fa a bayan kicin ɗin yake. Amma ba a jikin wannan katangar ba, da ɗan tazara.

Nas_Rabi:
Kar ki ɗaga hankalinki, loma ɗaya ba ta tara dalma a jini. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ƙurar dutsen zinariya ce da ake niƙawa a cikin gidaje, yara na wasa a cikinta suna kai hannu baki wata da watanni. Ba a haɗa su. Sai dai ki matsar da janareton nesa da inda yaro ke wasa, hayaƙin kansa ya fi gansakukar haɗari nesa ba kusa ba.

Likitan_Shanu:
Ku ba ni dama in koma kan maganar Hajiya, don an wuce ta da sauri, kuma ita ce mai nauyi. Ta ruwa ita ce abin tsoro, musamman ta ukun da Malam ya faɗa.
Shekarun baya da bazara wani Bafulatani ya kira ni can hanyar Giwa. Ya shayar da garkensa a wani tafki da ya kusa ƙafewa, washegari shanu biyu sun kwanta, ɗaya ta mutu kafin in iso. Da na je bakin tafkin, iska ta koro wani kore ta tara shi a gefe ɗaya, daidai inda shanun ke sa baki. Kauri kamar kunun kanwa, ga wari irin na ruɓaɓɓiyar ciyawa, gefen da ya bushe a kan laka ya koma shuɗi-shuɗi. Na tsoma sanda na ɗago, babu zaren da ya biyo ta, sai sandar ta fito kamar an tsoma ta a bokitin fenti. Da muka feɗe wadda ta mutu, hantar ta kumbura ta yi baƙi. Ban kai ruwan ɗakin gwaji ba, amma na ce masa ya canza mashaya, kuma sauran suka tsira.
Wasu daga cikin irin wannan bakteriyar na fitar da dafin da ke lalata hanta, wasu na taɓa jijiya. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ɗora alhakin a kanta. A 1996 a garin Karuwaru na Brazil, masu ciwon ƙoda fiye da 50 suka rasu bayan an yi musu wankin ƙoda da ruwan da ke ɗauke da wannan dafi. Abin da ya fi muni, tafasa ruwan ba ya kashe dafin hantar. Zafi, ruwa a tsaye, da takin zamani ko kashin dabbobi da ke gangarowa daga gonaki, su ne abincinta.

Hajiya_Tudun_Wada:
To kun ji. Na gode likita. Mu dai ba mu san sunanta ba, amma mun san a guje ta.

Dan_Wusasa:
Likita, to ta bakin Kubanni da Galma fa? Yara na wanka a wuraren nan kullum.

Likitan_Shanu:
@Dan_Wusasa ruwa mai gudu bai cika tara ta ba, ta fi son inda ya tsaya ya ɗumama. Gwajin sandar nan kowa zai iya yi: in zare-zare masu tsawo suka biyo sandar kamar gashi, galibi mai yauƙin ce marar dafi. In kuwa kamar fenti ne, a hana yara da dabbobi. Amma ido ba ya tabbatar da dafi, ya dai nuna maka inda za ka kauce. Kuma wankan rafi yana da nasa bala'in daban, tsargiya ma ta isa.

Yagana_Yerwa:
Ina ta karantawa ina murmushi. Mu can wajen Tafkin Chadi akwai koren da ake ci da gangan. Matan Kanembu na kwaso shi daga saman ƙananan tafkuna masu kanwa, su zuba a ramin yashi ruwan ya tsane, ya bushe su yayyanka kamar ƙuli, su kai kasuwa. Dihe ake ce masa, miya ake yi da shi. Shi ne wanda yanzu ake sayarwa a kanti cikin roba da tsada da sunan Spirulina. Kakata in ta ga farashin da suma za ta yi.

Malam_Tsirrai:
@Yagana_Yerwa kin kawo abin da ya ƙara dagula lissafin, don dihe ɗan gidan su mai dafin ne, bakteriya ce ita ma. Gida ɗaya ya haifi malami da ɓarawo. Sai dai kar wani ya karanta wannan ya tafi kududdufin unguwa da ƙwarya.

Abu_Sumayya:
Allah ya saka wa malamai. Ni ta ɓangaren fikihu nake so in tsoma baki, don an taɓa yin gardamar nan a masallacinmu saboda tankin alwala. A mazhabar Malikiyya, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya saboda abin da ya haifu daga cikinsa, kamar gansakuka, wadda Larabawa ke kira ɗuhlub, yana nan da tsarkinsa, ana alwala da wanka da shi. Ba a ɗauke ta najasa ba.

Likitan_Shanu:
Allah ya gafarta Malam, haka ne, amma don Allah a riƙa haɗa wa mutane da ɗaya rabin. Tsarki daban, lafiyar sha daban. Wani in ya ji "ya halatta" sai ya kafa kai.

Abu_Sumayya:
Gaskiya ne likita. Ai addinin ma ya hana mutum ya cutar da kansa. Tankin namu dai an wanke shi a satin.

Mai_Famfo_Hanwa:
Tunda an zo kan tanki, nan fagena ne. Duk tankin da aka kira ni na tarar ya yi kore a ciki, ɗayan biyu ne: ko dai farin roba ne mai barin haske ya ratsa, ko murfin ya ɓata an rufe da kwano. Gansakukar ruwa ba ta rayuwa a duhu. Ka sayi baƙin tanki mai kauri, ko ka yi wa naka fenti, ka rufe shi ruf, ka wanke sau biyu a shekara. Haka jarkokin 'yan garuwa, ku riƙa leƙa cikinsu. Ita kanta mai yauƙin ba ita ce matsalar ba, amma in ta samu wurin zama, sauran ƙwayoyin cuta ma sun samu katifa.

Hajiya_Tudun_Wada:
Mu randa muke juyewa duk bayan kwana uku, a dirje da toka da soso, a kife ta a rana, a yi mata turare. Ban taɓa ganin kore a randata ba. 'Yan matan yanzu sai firji.

Magini_Kwarbai:
Kun yi ta maganar ciki da hanta, ba wanda ya ambaci ƙashi. Ni a sanina gansakuka ta fi kai mutane wajen maɗori fiye da wajen likitan ciki. Bara da watan Agusta mahaifiyata ta fita alwalar asuba, ta taka simintin bakin rijiya, ƙafa ta tafi. Buta can, ita can. Tsintsiyar hannunta ta karye, sai da ta yi wata biyu ba ta iya ɗaura zani da kanta. Wajen nan kullum muna cewa za a kankare, za a kankare.
Maman Haidar, ga shawarar magini. Gansakuka a gindin katanga saƙo ne, tana gaya miki ruwa na kwana a wajen. In kin kankare ba ki gyara indararon ba, sati uku ta dawo. A sa wa indararon bututu ya sauko har ƙasa ya bi kwata, a cike kwarin da ruwa ke tsayawa, in akwai reshen da ya tare rana a sare. A ginin ƙasa ma abin ya fi tsanani. Ba ita ke cin bangon ba, amma tana riƙe laima a jikinsa, yaɓe ya jiƙa ya yi ta zubewa daga ƙasa. Katangu nawa ne suka faɗi a cikin birni da marka, in ka duba duk gindinsu kore ne tun kafin su faɗi.

Nas_Rabi:
Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Masu wankewa kuma ku ji wannan: in za ku sa ruwan bilic, ku surka shi da ruwa, ku dirje da burushi, ku ɗauraye, yara na nesa. Kar a kuskura a haɗa shi da ruwan batir ko maganin wanke masai. Haɗin na tayar da iskar da ke ƙona huhu, a banɗaki mai ƙaramar taga kuwa mutum na iya faɗuwa.

Dan_Wusasa:
Malam Tsirrai tambaya biyu. Na ga a wani bidiyo wai in ka ɓata a daji ka duba gefen bishiyar da gansakuka ta fito, nan ne arewa. Za a iya gane alƙibla da haka? Ta biyu, mangwaron gidanmu duk jikinsa ya yi kore da wasu farare-farare kamar kirci. Tana shan jinin bishiyar ne kamar kauci?

Malam_Tsirrai:
Ta farko, kar ka yi salla da wannan lissafin. Magana ce ta ƙasashen da ke can arewa sosai, inda rana kullum ta kudu take bi, ko a can ma ba kullum take cika ba. Zariya na wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ranar tsaka ta ɗan karkata arewa ne ma, wato a tsakiyar lokacin da gansakukar ke girma. Ita laima take bi, ba ruwanta da gabas ko yamma.
Ta biyu, a'a. Kauci na huda reshe ya sha ruwan bishiya, ita kuwa haya kawai take zaune a kan ɓawo, abincinta da hasken rana take haɗawa. Farare-fararen nan kuma wata halitta ce daban, naman gwari ne da gansakukar ruwa suka yi zaman tare. Su ma ba sa shan komai a jikin mangwaron.

Ummi_Samaru:
Malam ba ka ba su labarin farfaɗowa ba, shi ne ya fi daɗi. Da hunturun bara mun hau Kufena, na ɓamɓaro wata baƙar busasshiya daga tsagar dutse, kamar ƙanzon tuwo, in ka matsa sai ta ruguje. Na kawo ɗaki na sa a murfin kofi na ɗiga mata ruwa da cokali. Ina tsaye ina kallo ganyen suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya, kafin ruwan shayina ya tafasa ta koma koriya. Abokiyar ɗakina ta ce in fitar mata da tsafi daga ɗaki.

Malam_Tsirrai:
Haha, ba tsafi ba ne. Da yawansu in rani ya yi sai su bushe ƙayau su tsayar da komai, ba su mutu ba, jira suke. A 2014 masu bincike a Ingila sun ba da rahoton wata da aka haƙo daga daskararriyar ƙasa a wani tsibiri na yankin Antatika, ta kai shekara 1,500 a daskare, da aka ɗumama ta sai ta tofo. Saboda haka @Magini_Kwarbai baƙin tabon da kake gani a katanga da rani, ita ce dai ke kwance tana jiran ruwan farko.

Kanon_Dabo:
Shekara 1,500 tana barci ta tashi ta ci gaba da harka. Wannan ai Bazazzagiya ce.

Bazazzagi_Na_Asali:
Haƙuri ake ce masa, ba a sayar da shi a Kantin Kwari.

Sarkin_Musu:
Har yanzu dai ba wanda ya ce min zai iya cin cokali ɗaya a gabana. Malam, in ba guba ba ce, bisimilla.

Malam_Tsirrai:
Takarda ma ba guba ba ce, kai ka fara cin shafi ɗaya in gani.

Maman_Haidar:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Mun kwana lafiya, babu amai babu zazzaɓi. Da safe na ga 'yan kore-kore a kashinsa, kamar yadda Malam ya ce haka suka fito. Anti Rabi, ranar Talata zan kai shi awo in yi maganar maganin tsutsar da na jinin, don na tuna ko watan jiya na kama shi da ɓaraguzan bulo a baki. Baban Haidar ya kankare wajen da shebur, ya matsar da janareto zaure, bututun kuma wai sai an yi albashi. Maƙwabciyata har yanzu fushi take da ni don na ƙi manjan.

Magini_Kwarbai:
Zaure kuma? A'a, a fitar da shi fili inda iska ke kaɗawa. Bututun kuma faɗa min tsawon katangar, ina da guntaye da suka rage a wani aiki.

Hajiya_Tudun_Wada:
Alhamdu lillahi. Maƙwabciyar ki kai mata ɗan abin miya, don ƙauna ta faɗa. Ni kuma Malam Tsirrai ina da tawa tambayar. Baƙin nan mai fitowa a kusurwar ɗaki bayan wardirob da damina, mai warin ruma, wanda in jikana ya kwana a ɗakin sai ya tashi da tari, shi a cikin ukun nan wanne ne?